Tabar Alvin da Tiyonsa

"Ya ce sannu da ƙoƙari," in ji Marcella daga taga.

Na zaro kaina daga ƙarƙashin bonet, baƙin mai har gwiwar hannu, na harare ta. "Ƙarya kike yi, Marcella. Tunda nake da mijinki ban taɓa jin ya yi wa wani mahaluki sannu ba. Me ya ce?"

Ta waiwaya cikin falon, ta sake leƙowa. "To, cewa ya yi da ke da kaza in kuka zo neman aikin kanikanci, kazar zai ɗauka."

"Yauwa, yanzu na ji magana. Ki ce masa kazar ta tafi girbin masara, ni kaɗai na rage masa."

Gaskiyar ke nan kuwa. Lokacin girbi ne, duk wani namiji mai ƙafa a garinmu yana gona. Shi ya sa ni, Georgine, da na gama tuƙa motar 'yan makaranta na ajiye makulli don in huta, na tsinci kaina a cikin injin tsohuwar a-kori-kurar Alvin Sedlak.

Shinge ɗaya ne tsakanina da Alvin, kuma tun muna da baƙin gashi muke faɗa a kansa. A kan tabarsa mai kaurin babban yatsa da ke turare min shanya, a kan ƙarar motarsa da sassafe, a kan komai ma. A bana huhunsa ya gaza. Likitoci suka sallamo shi gida, irin sallamar da ba a sa ranar komawa. Aka kafa masa gado a falo jikin taga, na'urar iska a gefensa, da wani siririn tiyo kore a hancinsa. Tiyon dogo ne, biyu aka haɗa, don ya riƙa kaiwa kicin da baranda. Rabonsa da kicin ɗin kuwa an kwana biyu.

Ana nan, sai Marcella ta tayar da motar za ta kanti. Motar ta yi karkarwa, da aka taka totur ta yi tari, ta buga wani tas, ta mutu. Alvin yana kwance ya ji. Daga ranar ya rufe baki gam, ya ce ba zai ƙara karɓar maganin kashe raɗaɗin da ake ɗiga masa ƙarƙashin harshe ba, wai yana toshe masa kunne, shi kuma sai ya ji abin da ke damun motarsa.

Marcella ta zo gidana da faranti cike da kolace, burodin nan namu mai zaƙi a tsakiya, ta ajiye, ta ƙi zama.

"Georgine, ba ya barci. Zanin gado yake cizo don kada in ji nishinsa. Ki taimake ni ki gyara masa jarabar nan ya sha magani."

Ni da na yi niyyar in ce me na sani a harkar inji, sai na dubi fuskarta na fasa. Na tashi na nemo rigar aikin marigayi mijina.

Muryarsa ba ta kaiwa tsakar gida, don haka shi ya faɗa, Marcella ta wanke maganar ta miƙo min ta taga. Muka fara da matatar mai, na canza sabuwa. Motar ta ce ba ta san zancen ba. Ya sa na cire tiyon da ke fitowa daga famfon mai na zura a kwalbar da Marcella take jiƙa kokwamba, ta murza makulli, fetur ya tsarto da ƙarfinsa har da takalmina. Ya ce famfo lafiya lau, mai riƙe kwalbar ce ba lafiya ba. Ya sa na buɗe murfin tanki a hankali in saurara ko zai ja numfashi. Shiru. Na kwance filogai na jera a farantin cin abinci, Marcella ta kai masa gado kamar karin kumallo. A nan ne na bi ta ciki.

Ya rame, kai, har na ji ba daɗi. Amma idon nan yana nan yadda na san shi. Ya ɗaga filogi ɗaya ya nuna min bakinsa, fari fat.

"Kin gani? Yunwa take ji. Iska ta yi yawa... mai ya yi kaɗan." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni ina nan ina roƙon iska, ita tana can tana sha ta ɓarauniyar hanya."

"To ka sha maganinka, gobe ma rana ce."

"Ke aka yi wa alkawarin goben?"

Na kwashi farantina na fita.

Da yamma Duane, maƙwabcinmu na tsallaken titi, ya dawo daga gona ya leƙo. Shi Duane duk cutar mota a wurinsa ɗaya ce, wai fetur ne ya yi zafi ya tafasa a hanya. Ya je igiyar shanyata ba ko sallama, ya kwashe min fegin katako kaf, ya jera su a jikin bututun mai, wai za su tsotse zafin. Haka kakansa yake yi. Muka tayar, motar ta buga tas ɗin da ya sa karen gidan Duane ɗin ya shige ƙarƙashin baranda.

"Me ya ce?" in ji Duane.

"Ya ce a gaida iyali," in ji Marcella, ta ja labule.

Ni kuma sai da na bi zannuwana cikin lambun kabewa ina tsinta.

Ranar Lahadi na je coci ibadar farko na dawo da wuri. Na tarar Yesenia, nas ɗin da ke zuwa duba shi, tana tsaye a baranda ta riƙe ƙugu. Ta ce ta yi lallashi ta yi faɗa, Mista Sedlak ya ce mata ta je ta koyi kafireta sannan su yi magana. Ta matso kusa da ni ta rage murya. "In za ki gyara, yau ki gyara. Ban ce komai ba fa, amma yau."

Na ɗaga bonet.

Saƙo ya zo ta taga: in tayar, in rufe rabin bakin kafireta da tafin hannuna. Na yi. Ikon Allah, sai karkarwar ta lafa, inji ya daidaita. Na ɗauke hannu, ta koma tari.

"Ya ce ya faɗa miki," in ji Marcella. "Wani tiyo ne ya huje, ta nan iskar take shiga. Sai an nemo wurin."

"Tiyo nawa ne a nan? Kamar taliya fa suke!"

Daga falon sai na ji muryar Marcella ta tashi. "Me? A ina? Alvin Sedlak, ashe ba duka na ƙone ba!" Ta leƙo fuskarta ja wur. "Ya ce ki sa hannu ƙarƙashin kujerar direba, akwai gwangwanin ƙusoshi."

Babu ƙusa ko ɗaya a gwangwanin. Taba ce kwance a ciki, irin mai kaurin nan, an naɗe ta da tsumma kamar jaririya.

"Ya ce ki kashe inji, ki toshe bakin kafireta da tsumman, ki cire babban tiyon da ke zuwa birki. Sai ki kunna tabar ki riƙa hura hayaƙin ciki. Inda ya ɓullo, nan ne hujin."

"Ni? Ni zan sa wannan ƙazantar a bakina? Haba Marcella! Ni da na rubuta wa hukumar gari ƙara a kan warinta?"

"Ya ce Duane zai iya, in kin fi so a kira shi."

Tsohon nan ya san inda zai taɓa ni. Na ce a ba ni ashana.

Yesenia ta hau sama, ta ce da iskar asibiti a gidan ba mai kunna wuta kusa da taga. Muka tura motar mu uku har bakin titi, Yesenia ta tsaya tsakanin motar da tagar kamar 'yar sanda. Ba ta dai rufe tagar ba, na lura.

Zuƙar farko na ga taurari da rana tsaka. Na yi tari har hawaye, motar ma ba ta kai ni ba. Na sake zuƙa na hura cikin tiyo, na sake, kumatu kamar mai busa balan-balan. Daidai lokacin aka tashi daga babban coci. Ga matan ƙungiyarmu ta coci nan sun jero a titi da hulunansu, Fada yana bayansu, ga shugabarsu Georgine ta jingina da mota cikin rigar namiji, taba a baki, hayaƙi har ta hanci.

Fada ya rage tafiya. "Georgine, lafiya dai?"

"Aikin jinƙai nake yi, Fada. Ku wuce."

Suka wuce, amma ba wuyan da bai juyo ba. Daga falon na jiyo wani sauti kamar ana goga katako da yashi. Na tsorata, na ɗauka ko tafiyar ce ta zo. Ashe dariya yake yi.

"Ga shi can!" Yesenia ce ta yi ihu, ta manta da aikin 'yan sandan. Wani siririn hayaƙi yana tasowa daga bayan kafireta, wurin da ido ba ya kaiwa. Na cusa hannu na zaro wani ɗan tiyo, ɓera ya gwaguye cikinsa kamar masara.

Na kai masa har gado, bayan Yesenia ta ƙwace tabar ta dulmiya a ruwa ta kuma sa na wanke hannu. Ya juya tiyon a yatsunsa. Sannan ya kama hannun rigata ya jawo kusa da hancinsa, ya lumshe ido.

"Alvin," na ce, "tsakaninka da Allah, ba wata hanyar gano hujin nan sai taba?"

"Akwai mana... da yawa." Ya buɗe ido ɗaya. "Wannan ta fi kyan kallo."

Da ba a kwance yake ba, da na kwaɗa masa farantin filogi.

Sai dai murnar ba ta yi nisa ba. Lahadi ce, shagon kayan mota a rufe, na babban gari ma sai Litinin. Na birkice garejinsa ban sami tiyo mai wannan kaurin ba. Na dawo na tsaya a ƙofar falo hannu biyu babu komai. Goshinsa duk gumi, ya damƙe bakin zanin gado. Marcella ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ya ɗaga koren tiyon da ke zube a ƙasa, wanda ya kanannaɗe daga na'urar ya zagaya ƙafar gado. Ya gwada bakinsa da na tiyon da ɓera ya ci. Daidai.

"'Yata," ya ce wa Yesenia, "cire ƙarin nan ki ba ta."

"Mista Sedlak, da shi fa kake zuwa kicin."

"Na gama da kicin. Gajeren ya ishe ni."

Marcella ta ce, "Alvin." Yesenia ta dube ta, ita kuma ta gyaɗa kai. Sai yarinyar ta durƙusa ta zare mahaɗin, ta maƙala gajeren a jikin na'urar, ta miƙo min dogon tare da almakashinta. Ni dai na fita da sauri, don ba zan bari Alvin Sedlak ya ga ina kuka ba.

Na yanka daidai tsayi na cusa, na mayar da tiyon birki, na zare tsumman. Muka turo motar har gindin taga. Na murza makulli.

Ta tashi. Ba tari, ba karkarwa, wata 'yar gurnani ce kawai a hankali, irin wadda ta shekara da shekaru tana tashina daga barci ina tsine mata. Na taka totur ta amsa, na saki ta koma ta kwanta. Na zauna ina jiran a miƙo min zagi ta taga.

An jima Marcella ta leƙo, idonta jawur. "Ya ce ba zai daɗe ba, zafi zai narkar da shi, ki sayi na gaske. Ya ce kuma kada ki kashe tukuna."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce kazar ta rasa aikin."

Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Ya kwantar da kai a matashi, kunnensa wajen taga, ya buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, Yesenia tana ɗiga masa maganin. Hannunsa ya saki zanin gadon. Kafin injin ya gama ɗumi ya yi barci.

Ranar Talata da hantsi ya cika, Marcella tana riƙe da hannunsa. A wurin jana'iza matan ƙungiya suka yi ta kallon bakina, Duane kuma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa feginsa ne suka fara sassauta matsalar.

Na sayi tiyon na gaske, baƙi, mai kauri. Yana nan cikin ledarsa a kan shingen tsakaninmu. Duk lokacin da na ce yau zan sa, sai Marcella ta ce in bari sai gobe, ai ba nisa take zuwa ba. Da sassafe nakan ji ta tayar da motar. In na leƙa daga wajen shanya, sai in gan ta zaune a matakalar baranda da kofin kofi, tagar falo a buɗe, bonet a ɗage, ɗan koren tiyon nan yana rawa a hankali a bayan kafireta.