Taurarin da Suka Daina Haihuwa

Tanko bai yarda a raba gandu ba. Tun da mahaifinsu ya rasu ya bar masa gida da ƙanne, rumbu ɗaya ake buɗewa, gona ɗaya ake shiga da safe. Gonar kuwa tana nan kusa da tafkin Madarunfa yadda kakansu ya share ta, ba ta ƙara ko taku ba, sai bakunan da ke cin ta ne suka yi ta ƙaruwa.

Ƙaninsa Yahaya ne ya tayar da maganar. Surukinsa ya ba shi aron fili wajen Gabi, ƙasa ce da ta daɗe tana hutawa, yana so ya kwashe iyalinsa ya koma can kafin ruwan shuka. Amma a gidansu ba a fita gandu da baki kawai. Sai babba ya hau rumbu da kansa ya ciro damin iri, daga geron da suka gada suke juyawa kowace damina, ya miƙa maka. Wanda ya tafi babu wannan dami, ko ya sayi irin kasuwa ya cika rumbu goma, sunansa wanda ya gudu. Ba a sake kiransa shawarar gida.

Yahaya ya roƙa, ya tura dattawa, ya sake roƙo. Amsar Tanko ba ta canza ba: iri na gandu ne. Ranar Babbar Sallah, ana tsaka da fiɗa, Yahaya ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Yaya, jibi zan ɗaura amalanke. In da dami, alhamdu lillahi. In babu, zan tafi hakanan."

Washegari da hantsi Tanko na zaune gindin bedi, wato dogon yaro, yana sa wa sungumi sabuwar ƙota, ransa a ɓace. Ɗiyarsa Hafsa, wadda ta zo hutun Sallah daga jami'a, ta kawo masa soyayyen nama ta zauna bakin tabarma tana duba salula. Karatun taurari take yi. Shi dai bai taɓa gane amfaninsa ba.

"Ke mai karatun sama," ya ce, "yaushe ruwa zai sauka?"

"Baba, ba hadari nake karanta ba."

"To mi kike karantawa, in ko ruwa ba ki sani ba?"

Ta yi dariya ta miƙo masa salular. Baƙin fili ne da ɗigo-ɗigon haske, wasu jajaye a cunkushe tsakiya kamar tumaki a inuwa, wasu masu shuɗi a warwatse gefe. Ta ce kowane ɗigo gari ne guda na taurari, taurarin da ke cikinsa sun fi ƙarfin ƙirga. Aikinta shi ne ta gano dalilin da ya sa wasu garuruwan ke haifar sababbin taurari, wasu kuma sun daina.

"Taurari na haihuwa?" Tanko ya ajiye ƙotar. "Wa ke yi masu wankan jego?"

"Daga iska mai sanyi da ƙura suke fitowa, Baba. In ta taru ta dunƙule, sai ta kama wuta. Masu shuɗin nan na gefe suna da ita, har yanzu suna haihuwa. Jajayen tsakiya tasu ta ƙare. Wurin ya cika, tsakaninsu akwai iska mai zafi da ke kwashe masu ta sanyin, maƙwabta kuma kowa na jan na kowa. Sai tsofaffin taurari kawai suka rage."

Tanko ya ƙura wa jajayen ido. "Amma su suka fi girma."

"Su suka fi girma. Kuma in muka duba can nesa ƙwarai, inda hasken ya daɗe a hanya kafin ya iso, muna ganin yadda abin yake a da. A lokacin, irin wannan cunkoson ya fi ko'ina haihuwa. Da wuri suka fara, da wuri suka cinye."

Tanko ya sauke salular kan cinyarsa. Ya tuna zamanin mahaifinsu, lokacin da gandun nasu ke cika rumbuna har a ba maƙwabta aron wuri. Bana kuwa tun kafin azumi suka fara auna hatsi da hankali. Ɗan Yahaya na fari ya isa aure tuni, babu inda za a yi masa ɗaki, babu ɗan filin da za a yanka masa ya noma nasa. Yaran gidan da rani duk Najeriya suke tsallakawa, wasu har shuka ta wuce ba su dawo ba. Gidan dai ga shi babba, kowa a gari na girmama shi. Rabon da a kafa sabon ɗaki a cikinsa, Tanko ya yi ta lalube a ransa bai samo ba.

"Baffanki ne ya aiko ki?" ya tambaya a tsawace.

"Wallahi a'a. Kai ka tambaye ni." Ta karɓi salularta. "Kuma taurari ba mutane ba ne, Baba. Na gefen ma ba duka ke jin daɗi ba, akwai waɗanda ke mutuwa su kaɗai ba mu san dalili ba tukuna."

"Na tsakiyan fa? In ɗaya ya ga wuri ya yi masa zafi, ba ya fita?"

"Da wuya. Nauyin taron ne ke riƙe shi. Wanda ya faɗa ciki, yawanci ya faɗa ke nan."

Tanko ya cinye namansa. Ya gama ƙotar, ya buga sungumin a ƙasa ya ji ta zauna daram. Sannan ya tashi ya jawo tsani ya jingina da rumbu. Gwiwarsa na ciwo, Hafsa ta ce bari ta kira wani ya hau, ya galla mata harara. Wannan hawan ba a wakilta shi.

Ya daɗe a ciki yana zaɓe. Ya fito da ƙaiƙayi har a gemu, dami a kafaɗa, zangarnu dogaye masu cikar ido. Ya ratsa tsakar gida, mata suka bar suya suna kallo. Yahaya na bayan ɗakinsa yana ɗaure tukwane da igiya. Tanko ya dire damin a gabansa.

Yahaya ya durƙusa. "Yaya..."

"Tashi, ba wa'azi na zo yi ba. Ƙasar Gabi ta fi tamu nauyi, kada ka zurfafa rami. In ka yi kaka, ka maido mini zangarniya in gani ko irin ya karɓi wurin."

Ya juya zai tafi, ya ga Hafsa tsaye a bayansa riƙe da salula.

"Waɗancan jajayen naki," ya ce, "ba su da babban da zai sallame su ne."

Ya koma gindin bedi ya ɗauki sungumi na biyu. Shi ma ƙotarsa ta tsage, ga gabas ta fara haɗa gajimare.