Shawarar da Ke Tashi da Yamma

Tun da surukarta ta haihu a birnin Daejeon, Mal-sun ba ta ga jikanta ba sai a kwamfutar mijinta. Sai jariri ya cika makonni uku baƙi ke shiga, kuma ita da bakinta ta ce a bi al'adar, don kada a ce uwar miji ta cika shisshigi. Kullum da yamma idan ta dawo daga kasuwar kifi, ɗanta Gi-tae zai yi kiran bidiyo, ya ɗaga yaron gaban kyamara. Ɗan Wake suke ce masa, sunan da suka laƙaba masa tun yana ciki.

Ranar farko ta ɗauka idonta ne. Washegari ta kasa cin shinkafarta. Yaron nan rawaya yake, kamar an shafa masa kabewa.

"Baban Gi-tae, ciwon shawara ke damun jikanka."

Mijinta Deok-bae yana ɓare tafarnuwa, ko ɗagowa bai yi ba. "Likitoci sun fi ki ido."

"Kai me ka sani game da ido? Mutumin da ke ɗiga magani a ido kamar mai ban ruwan lambu!"

Ya nuna mata hoton da aka turo a waya, yaro jajir da shi.

"Wannan na safe ne," in ji ta. "Ciwon da yamma yake tashi."

Ta jawo jaka, ta cusa busasshen ganyen teku na miyar mai jego, ta ajiye a bakin ƙofa. Idan yau ma ta gan shi haka, motar Daejeon za ta hau, al'ada ta yi haƙuri.

Rana na faɗuwa kira ya shigo. Wannan karon surukar ce da kanta, Seo-ryeong, rungume da yaron.

"Mama, kin wuni lafiya? Ga angonki."

Mal-sun ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Rawaya dai, har ya fi na jiya.

"'Yata, ba katsalandan zan yi miki ba, amma ku kai yaron nan asibiti. Shawara ce."

"Shawara? Mama, ɗazu aka duba shi, ƙalau yake."

"Ke ma fa fuskarki..." Ta tsaya. Surukar rawaya, zanin goyon rawaya, bangon ɗakin ma haka. Sai idonta ya faɗa kan ɗan ƙaramin hotonta ita kanta a kusurwar gilashin.

"Wayyo, Baban Gi-tae, ni ma na kamu!"

Deok-bae ya leƙo, ya dubi kwamfutar, ya dubi taga, sai dariya ta ƙwace masa har tafarnuwa ta watse a ƙasa. Tun bara likitan ido ya sa shi ya ɗora wata manhaja mai rage kaifin hasken kwamfuta. Rana na faɗuwa take mayar da komai launin fitilar ƙwai, shi kuwa ya saba har ya daina gani.

Ya danna wani wuri. Nan take bango ya koma fari, Ɗan Wake ya koma jajir, yana hamma abinsa.

Mal-sun ta daɗe tana kallonsa, hannu a ƙirji. Sannan ta juyo.

"Tsohon banza, kai ka sa wa jikana ciwo!"

"Ni kuma na warkar da shi. Ina tukuicina?"

Seo-ryeong na dariya tana riƙe ciki. "Mama, don Allah ku bari, ɗinkin haihuwata zai kwance! Wancan ganyen teku nake hangowa a jaka?"

"A'a, shara ce."

"To ki adana mini sharar. Ranar da makonnin suka cika, miyarki nake so."

Da aka kashe kiran, Deok-bae ya zauna zai buga wasan dararsa a kwamfutar, yana ƙifta ido saboda haske. Mal-sun ta ture masa kwalbar maganin.

"Mayar da rawayarka, kafin ka makance ka bar ni da ɓarar tafarnuwa."