Na'urar da Na Saya wa Baba

Baba mai gyaran firij ne, gida-gida yake bi. Da gari ya faɗaɗa, sababbin unguwanni suka fara rikita shi, sai Yayana ya bar masa tsohuwar laftof ɗinsa mai taswira, da wani ɗan abu mai igiya da ake ajiyewa jikin gilashin gaba don ya nuna inda mota take. To, laftof ba ta zama kan kujera ita kaɗai, birki ɗaya ta kife. Shi ya sa Mama ta zama mai riƙo. Kowace safiya za ta shiga gaba, ta shimfiɗa tawul a cinya saboda zafin abin, su kama hanya.

Ni kam abin ya tsaya mini a rai. Mace mai ciwon gwiwa, ta wuni da kaya a cinya, igiyar caji tana naɗe giyar motar, in rana ta haske allon sai ta kare da tafin hannu. Da na fara aiki a kantin magani, abin da na soma saya shi ne na'urar nuna hanya ta gaske, 'yar ƙarama mai mannewa a jikin gilashi, mai magana da kanta.

"Mama, daga yau kin huta," na ce.

Ta juya na'urar a hannu, ta dubi Baba. "Allah ya yi miki albarka," ta ce.

Sati guda Baba yana fita shi kaɗai, kullum a makare yake isa wurin aiki. Wata mai sayar da ƙanƙara ta gaji da jira ta kira wani. Ya dawo ya jefar da makulli kan tebur.

"Na'urar nan taki ba ta san gari ba."

Na ɗauka jabu aka sayar mini. Ranar hutuna na ce zan raka shi in gani da idona.

Muna isa mararraba ta farko muryar ta ce a yi hagu. Baba ya miƙe abinsa. Na ƙure ƙarar. A ta biyu ma ya wuce.

"Baba, hagu fa ta ce."

Ko gezau. Sai da na taɓa hannunsa ya zabura, ya kai fuska kusa da ɗan allon yana ƙanƙance ido, har motar ta soma barin layi. Ya gangara gefe ya kashe ta.

Na juyo sosai yadda zai ga bakina. "Tun yaushe?"

"An fi shekara biyu." Ya shafa sitiyari. "In ina kallon mutum, ina tsintar maganarsa. Firij kuwa, hannu nake ɗorawa in ji motsinsa. Amma wa zai kira mai gyaran da ba ya jin kukan inji?"

"To, da can yaya kake gane kwana?"

"Uwarki. Ta taɓa ni sau ɗaya, dama. Sau biyu, hagu. Ita ke amsa waya, ita ke maimaita mini abin da masu gida suka ce."

Kunya ta rufe ni. Ni da nake ganin na sauke wa Mama kaya, ashe kunnen Baba na bari a gida.

Da muka koma na same ta tana ninke wanki. "Mama, me ya hana ki faɗa mini?"

"Kunnensa ne, 'yar nan. Shi ya kamata ya faɗa."

"To in mayar da na'urar? Ki koma wa laftof ɗinki?"

"Wannan dutsen gugar? Allah ya kiyaye! Cinyata ta gasu shekara uku. Ki dai matso mini da ita ɓangarena."

Haka aka yi. Ta koma kujerarta, na'urar na gabanta, hannuwanta a sake. Baba kuwa sai da muka yi kwana goma muna lallashi kafin ya yarda ya ga likitan kunne. Aka gwada shi, aka ba shi ɗan abin ji da ake maƙalawa bayan kunne. Duk hanyar gida mita yake, wai ashe haka duniya ta cika surutu.

Muna shiga falo ya tsaya cak, ya karkata kai wajen kicin.

"Tun yaushe firij ɗinmu yake wannan gurnanin?"

"Wata takwas," in ji Mama.

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

Ko zama bai yi ba, ya koma mota ɗauko jakar kayan aiki.