Ɗigon da ke jikin hular

Tela ta zauna a kujerar asibitin. Kujerar mai kwantawa ce kamar ta wurin wankin kai, ga na'ura a gefe mai baki biyu da ake jingina mata a saman kunnen hagu. Likita ya ce maganadisu ne, zai riƙa zungurar wurin da muryoyin da take ji a kanta ke fitowa ko Allah zai sa su lafa, hankalinta kuma ya tattaru. Ai kuwa tana bukata, don ta kai ga yanka yadin mutane ta manta rigar wa take ɗinkawa.

Nas ta ɗauko farar hular da aka yi wa ɗigo a daidai inda na'urar za ta zauna. Ta juya ta, ta goga yatsa, sai ga shuɗin gari.

"Baiwar Allah, ni da biro na yi alamar nan. Wannan alli ne."

Auta, ƙanwarta da ke rako ta, ta leƙo. Ba ta bukaci a gaya mata ba, ta san allin ɗinki ko a mafarki.

"Yaya, ke kika matsar da shi?"

Tela ta sunkuyar da kai. Tun zuwan farko take yi: da nas ta fita sai ta danne ɗigon gaskiya da ƴar lanƙwasa, ta yi nata can baya. Ita da ta ƙware wajen ɓoye kuskuren ɗinki, wannan ba komai ba ne. Shi ya sa ake ta ƙwanƙwasar banza, likita na mamakin rashin sauƙi.

"Kullum ina rufe shagona in kawo ki, ashe aikin banza nake!" in ji Auta. "Ba ke ce ke kuka suna zagin ki ba?"

"Maza biyun ne ke zagi," Tela ta ce a hankali. "Ta ukun Inna ce."

Inna, mahaifiyarsu, ta daɗe da rasuwa.

"Me take ce miki?" Auta ta tambaya.

"Ba ta da yawan magana. Tambaya take ko na ci abinci." Ta juya ga nas. "Don Allah, injin nan ba zai iya zaɓa ba? Ya kwashe su ya bar min ita?"

Nas ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ba ya zaɓe, kuma ba wanda zai iya cewa wace murya za ta tafi, wace za ta saura. Ta ce zaɓin nata ne, ba a dole.

Tela ta rufe ido tana kasa kunne, tsoro ya cika ta. Mazan nan na ta shewa, suna ce mata mahaukaciya, Inna kuwa ko tari. Ta jira har wuyanta ya ƙage, sannan ta karɓi hular, ta warware lanƙwasar da hannunta, ta miƙa wa nas.

Na'urar ta fara ƙas-ƙas a gefen kanta. Ta laluɓo hannun Auta ta damƙe.

"Auta, ɗan yi min maganar Inna mana."

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Wallahi Yaya, ni na manta muryarta."