Bishiyar da Ta Ƙoshi

Tun da zafi ya kankama a garin Angyo, Baba Sekine bai san hutu ba. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma shi kaɗai ke jan tiyo tsakanin tukwane ɗari uku na dashen momiji, wata bishiyar ado. Masu ganye rodi-rodi, fari da ruwan hoda bisa kore, su ne 'yan lele: rana na taɓa su kaɗan sai bakin ganyen ya ƙone.

Ana cikin haka Uwargida Kurahashi, mai masaukin baƙi a Chichibu, ta bugo waya. Wai bishiya mai rodi da ya dasa musu shekara shida da suka wuce ta lalace.

"Ka bari sai kaka mana, Baban Yoriko," in ji matarsa Mitsue. "Da wannan bayan naka za ka yi tuƙin awa biyu?"

"Ni na aura reshen nan da hannuna."

"'Yarka ma kai ka aurar. Sau nawa ka je duba ta?"

Ta ƙunshe masa curin shinkafa biyu, ya hau 'yar akori-kurarsa.

Da ya isa, sai ya tarar da bishiya ta kai rufin ɗaki, ta yi luf, koriya shar. Ko ɗigon fari babu.

"Uwargida, me kike ba ta?"

"Takin tunkuza, duk wata. Gani na yi ta rame."

"Ai ramar ce kyanta. In ta ƙoshi sai ta fid da koren reshe, shi kuwa ya fi ƙarfi, in ba a sare shi ba sai ya danne sauran. Na faɗa ranar da na dasa ta."

"Maigidana ka faɗa wa," ta ce a hankali. "Shi kuma bai daɗe ba bayan nan ya rasu."

Sekine ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa da ƙyar, ya kutsa ƙarƙashin rassan yana dubawa, gumi na shiga masa ido. Can ciki ya ga wani siririn tsinke mai ganye bakwai, duk da rodinsu.

"In ana son tsohon launinta, sai an sare kusan duka," ya ce.

Ta dubi bencin da ke gindin bishiyar. "A nan baƙi ke shan shayi. Ni ma nan nake zama in ƙafafuna sun gaji."

Ya dubi tsani, ya dubi zarton da ke hannunsa. Aikin wuni guda ne, kuma in an gama matar nan za ta zauna a rana. Ya mayar da zarton cikin jaka, ya zaro almakashi, ya datse tsinken, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tawul.

"Bar ta ta yi inuwarta. In wannan ya kama, bayan shekara huɗu na kawo miki."

"Huɗu? Baba, kana ganin za mu kai?"

"Ke dai za ki kai. Amma wadda zan kawo, ko ta yi miki kuka, kada ki ba ta komai."

A gida ya raba tsinken uku, ya aura wa ƙananan dashe uku. Kafin sati biyu guda biyu suka bushe. Na ukun bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Ya jawo tukunyar cikin inuwa kusa da famfo, inda ba sai ya yi tafiya mai nisa ba.