Ƙulli a Bakin Zane

…kuma da rana tsaka, Inna, na sani. Ba sai kin taso daga makwancinki kin ja mini kunne ba. Tatsuniya da rana ɓatar da mutum take yi, haka kika ce mana muna gindin turmi, ni da Yaya A'i, sai dai in an ƙulla bakin zane tukuna. To ga shi ina ƙullawa. Kin gani? Tamau.

Yaya zan yi? 'Yarki ta fari ba ta buɗe baki ga abinci sai da labari. A'i fa! Wadda ta shekara talatin tana suyar masa a Ƙofar Ran, layi har bakin masallaci… yau ga masa a gabanta da miyar taushe, tana kallonta kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ni ma haka. "Baiwar Allah" take ce mini, shekara biyu ke nan. Baiwar Allah, ba ki ga ƙanwata ba? haka take tambayata. Ga ta nan a gabanki da furfura, Yaya, tana fifita miki miya.

Rukayya ta fita tun da safe, keke ya kwashe ta zuwa Yelwa, 'yan ajinta na jira. 'Yar A'i ke nan, jikarki da ba ki gani ba — idonki sak. Takardar ajiye aiki na cikin jakarta, wata uku tana yawo da ita, tana zaton ban sani ba. Na ce mata, muddin ina da ƙafa da hankalina, ba za ki ajiye alli ba. Je ki. Ni na ishi uwarki.

Na ishe ta mana. Wa ya san ta kamar ni?

Sista Eunice ta asibiti, mai dariya kamar ana ɓarin gyaɗa, ita ce ta ce, Mama, magani da tsada, amma abin da ya fi tsada shi ne mutumin da zai zauna. Wai nan gaba tsofaffi za su yi yawa, Allah na ta jan kwana, gida-gida za a samu mai irin wannan mantuwa, yara kuwa duk suna wurin aiki… wa zai zauna? Na ce ni, kuma ko sisi ba za a biya ni ba. Ta yi ta dariya. A zamaninki mata goma sha ne a tsakar gidan nan, Inna, tsohuwa ba ta tari sai hannu uku sun miƙo mata ruwa. Yanzu mu uku ne, da kaza.

To bismillah. Wata tsohuwa ce, Yaya — buɗe baki, yawwa — wata tsohuwa mai raunin ido, ta ga ɗan tudu a bakin tafki, ta ce ga gona Allah ya ba ni. Ta shuka geronta. Ashe bayan ƙaton kunkuru ne, ƙasa ta lulluɓe shi… Tana taunawa! Loma ɗaya. Gero ya tsiro, ya yi kore shar. Loma biyu. Ran nan tsohuwa ta zo da fartanya, ta tarar gona ta tashi ta yi tafiyarta — dubi yadda kafaɗarta ke rawa, dariya take yi, wallahi dariya — sai tsohuwa ta…

Sai ta…

Sai ta me?

Tsaya. Ni da na ba 'ya'yan unguwar nan wannan labari har suka haifi nasu suka kawo mini. Ta bi sawunsa? Ta kai ƙara wurin mai gari? Yana nan a bakina, yanzu-yanzu yana nan… fartanya, tafki, sai fari fat, kamar an wanke allo.

"Ba ta bi shi ba, Kubu mai kunnen ƙashi. Zama ta yi a bakin tafkin. Da kaka ya dawo shan ruwa, da geron a bayansa."

Inna.

Inna, kin ji A'i? Kubu ta ce mini! Ba baiwar Allah ba — Kubu! Sunan da rabona da shi tun muna satar miki ƙuli-ƙuli a tandu… a'a, a kwalla ne, jar kwallar nan mai murfi. Har da harara, irin tata ta dā, ta gefen ido. Guɗa nake yi ni kaɗai a tsakar gida, kaza ta watse, gwiwar da ke ciwo ta manta tana ciwo. Alhamdu lillahi. Ashe tana nan ciki. Tafiya ta yi kawai, kamar gonar, mu ne aka ce mu zauna a bakin ruwa. Masa uku ta cinye, ga ta huɗu a hannunta. Bari Rukayya ta dawo, tun daga zaure zan tare ta: yaga takardar nan, uwarki ta san ni!

Bari in kwance ƙullin, labari ya ƙare lafiya, ba wanda ya ɓata.

Ɗaya.

…Biyu?

Uku. Ƙulli uku a bakin zanena, duka irin ɗaurina. Sau ɗaya na ƙulla, Inna, kina kallo. Ko ba sau ɗaya ba? Zanen kuwa da safen nan na ɗauko shi daga wanki. Jiya kuma na tsinci makulli a cikin tulu, na ce aikin A'i ne… A'i da ba ta iya ɗaga murfin tulu.

Muddin ina da ƙafa da hankalina, na ce. Yarinya ɗaya, tsofaffi biyu. Wa zai zauna?

Tana miƙo mini rabin masarta, miya na bin yatsunta. "Ci, Kubu."

Da ɗumi. Yau dai ta san ni. Karan keke nake ji a bakin lungu, ko na Rukayya ne… wanne zan fara gaya mata?

Bari dai in tauna tukuna.