Shinkafar Cikin Dam

Dinah ta tura hannu cikin laka ta lalubo bel ɗin injin niƙanta, ta ja, ya ƙi fitowa. Har lokacin kayan coci ne a jikinta. Injin ya nutse rabi, rumbun dawa ya kife ya fashe, bangon ɗakin mahaifinta kuwa ya rufto a kan gadon da tsohon yake kwance ɗazu da safe.

Suna tsakiyar wa'azi ruwan ya zo. Obinna, mai shagon kayan babur da ke jikin gidanta, shi ya ji rugugi daga kwari, ya tuna mahaifinta, Baba Dodo, ba ya gani. Ya ɓalle ƙofa ya goyo shi, ruwa har ƙirji. Yanzu tsohon yana asibiti yana tarin ruwan laka, 'yarta Praise na zaune da shi.

Abin da ya hana zuciyarta kwanciya shi ne ruwan saman bai kai ya yi wannan ɓarna ba. Tun rasuwar mijinta a aikin soja take zaune a wannan unguwa ta bakin Zuru, ta san rafin sarai. Da can kowace damina sai ya shigo gidaje. Da aka gina ƙananan dam biyu a kan tudu, wajen hanyar Manga, sai ruwan tsaunuka ya riƙa taruwa a can yana gangarowa a hankali. Bara an yi ruwan da ya fi na yau, ko bakin ƙofarta bai zo ba.

Ta faɗa wa Obinna haka. Ya ci gaba da kwashe laka daga shagonsa bai dube ta ba, sannan ya ce wani ɗan kabu-kabu ya gaya masa an fasa dam ɗin sama. Ta tambaye shi wa ya fasa.

"Maman Praise, ki je ki gani da idonki. Ba daga bakina ba."

Kabu-kabu ya kai ta inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. Dam ɗin ƙasa ya tsage a tsakiya. Ruwa ne ya faɗo masa gaba ɗaya, ya haye ta kansa ya cinye shi. Ta ci gaba da hawa, zanin cocin yana manne mata a ƙafa. A dam ɗin sama ta tsaya. Nan ba ruwa ne ya fara ba. A gefen tsagar sawun diga yana nan a jikin jar ƙasa, ruwa ne kawai ya faɗaɗa ta har mota za ta iya wucewa. Bayan bangon kuwa, inda ya kamata ta ga tafki, shinkafa ce kore shar, ta fara fitar da kai. Yayanta Mika yana duƙe a ciki yana gyara kunya.

Shekaru biyu ke nan da 'yan bindiga suka kore shi daga gonarsa a wajen Wasagu, ya dawo da mata da yara ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa. Laka ta cike rabin dam ɗin, sai ya shuka shinkafa a kanta. Dinah da kanta ta ba shi iri.

Da ya hango ta sai ya fito yana wanke hannu, ya soma bayani tun ba ta tambaya ba. Ya ce ruwa ya shanye shinkafar kwana da kwanaki, da ya bari da ta ruɓe. Bututun da ke rage ruwa ya daɗe da toshewa, ya kai kuka wurin kwamitin dam har ya gaji, ba wanda ya zo. 'Yar ƙofa kawai ya buɗe, ba ta fi faɗin daro ba.

Tun tana yarinya ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Mika, ka tambayi inda Baba yake?"

Ya tsaya da hannuwansa a jiƙe. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba: bangon, gadon, yadda baƙo ya goyo ubansu, tsohon yana kiran sunayen 'ya'yansa cikin ruwa. Ta ce ruwan da ya kora daga gonarsa bai ɓace ba, a bakin tsohon ya shiga. Da Hausa ta fara, da abin ya ci ta sai ta koma yarensu, C'lela. Mika ya zauna a kan dutse ya dafe kai.

Ta ɗauka zai tashi ya nufi asibiti. Da ya ɗago sai ya roƙe ta kada ta faɗa wa mai unguwa. Ya ce in mutane suka sani korarsa za su yi, kuma ba shi da wani wurin zuwa. Ta bari a girbe, 'yan makonni ne, da hannunsa zai toshe.

Dinah ta dubi gabas. Hadari ya sake haɗuwa a kan tsaunuka, baƙi ƙirin. Dam ɗin ƙasa ya tafi, babu abin da ya rage tsakanin wannan hadari da unguwarta sai wannan bango mai rami.

"'Yan makonni," ta ce. "A ina kake so mu kwana kafin nan? A kan bishiya?"

Ba su gama ba mutanen unguwa suka iso, Obinna na gaba, wasu da shebur, wasu da buhunan siminti da ba kome a ciki, wasu kuma da sanduna. Suka ga sawun diga, suka ga shinkafa. Wani da ruwa ya tafi da awakinsa ya tambayi gonar waye, ko da yake ya sani. Duka suka juyo suna kallonta.

"Yayana ne ya fasa," in ji Dinah. "Wanda ya taɓa shi, da ni zai yi. Ku ajiye sandunan nan ku cika buhu."

Ta cire ɗankwali ta yi gammo, ta ɗauki dutsen farko. Maza suka shiga haƙa, mata suna ɗauka. Obinna da wasu suka nufi bututun da doguwar gora, suka yi ta zungura, ya ƙi buɗewa. Kowa ya gane cewa da zarar an toshe ramin, ruwa zai sake shanye shinkafar.

Leah, matar Mika, ta sauko daga bukkarsu da goyo a baya. Ta tare Dinah a kan bangon, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita ba ta san ya fasa ba sai da ta ji ƙara. Ta ce ta san an cuci mutanen unguwa. Sannan ta tambaye ta abin da yaranta za su ci bana.

Dinah ta tsaya da dutse a ka, wuyanta na zafi.  Ta raɓa ta gefen Leah ta jefa dutsen cikin ramin.

Yayyafi ya soma kafin buhuna su kai saman bango, sannan ruwa ya kece. Ba wanda ya gudu. Jan ruwa ya riƙa gangarowa daga kowane kwazazzabo, ya zo ya daki buhunan, ya tsaya, ya soma komawa baya. Kunyar farko ta nutse, ta biyu ta bi ta.

Mika ya tashi daga kan dutsen. Ya shiga bukka ya fito da lauje, ya faɗa cikin ruwan har cinya, ya kama yankan shinkafar da ba ta nuna ba, yana tarawa a kafaɗa. Ko akuya ce za ta ci.

Dinah ta daɗe tana kallon bayansa. Ba ta kira shi ba. Da Obinna ya ce saura buhu ɗaya a gefen hagu, ta share ruwa daga fuskarta ta je ta kama masa.